Tsayuwar Motar Hilarión

Ranar bikin Santa Rufina, waliyyiyar garinmu, aka kawo rahoton, da sassafe, hayaƙin wasan wuta bai gama washewa daga kan coci ba. Wai mota ta matse Doña Nila mai kunun masara da bango a Lungun Rijiya, ta mutu nan take.

Sufeto Arcadio Nájera ya ajiye gahawarsa, ya ɗauki hula. Gajere ne mai kauri, ba ya gudu, ba ya ɗaga murya. A garin nan aka haife shi, kuma irin motar da kowa ke hawa yake hawa, wato boco, 'yar ƙaramar nan mai doro da inji a baya. Ita kaɗai ke iya hawan tudunmu ba ta yi kuka ba.

Ya tarar da lungun ya cika. Saja Leocadia Bahena tana ta tura mutane baya da kulki.

"Yallaɓai, magana ta ƙare," in ji ta. "Motar Hilarión ce, ɗan tasi. A bayan kasuwa aka tsince shi yana barci kan buhuna, kamar an yi masa wanka da barasa. Na sa shi a bayan kanta."

"Wa ya ga lokacin da ya buge ta?"

"Babu. Kowa yana coci wurin waƙar asuba. Ga ƙarar wasan wuta, ko gida ne ya rushe ba mai ji."

Sufeto ya duba. Lungun matsattse ne, an shimfiɗa masa duwatsu, a gefe ɗaya akwai dakalin dutse da ya shigo hanya. Farar boco ce, hancinta ya lotse a jikin bangon da ke fuskantar dakalin. Tukunyar kunu ta kife. An rufe tsohuwar da mayafinta.

Ya zagaya bayan motar, ya tsuguna. Ya daɗe a nan. Tayoyin baya ba su tsaya daidai ba. Ƙasansu ya shige ciki, samansu ya buɗe waje, kamar mutumin da ya haɗa dugadugai ya ware gwiwoyi.

Sai aka ji oda. Wata rawayar janwe, motar jan motoci, ta tsaya a bakin lungu, an yi mata ado da furannin takarda saboda albarkar da fada, limamin coci, zai sa wa motoci da rana. Mai ita ya diro yana jan sarƙa. Rutilio Salgado ke nan, shi kaɗai ne mai janwe a garin.

"Barka da asuba, Sufeto. A matsa min in ɗauke ta, in kai muku ofis."

"Wa ya kira ka?"

"Yanzu nake shirin kiransa, yallaɓai," in ji Saja, "sai ga shi."

"Haba, labari ya cika gari," in ji Rutilio. "Kuma Hilarión kompadrena ne, wato ni na riƙe ɗansa ranar baftisma. Ba zan bari a ƙona masa mota ba."

"Zo ka ga wani abu, Don Rutilio. Me ya sa tayoyin nan suka tsaya haka?"

Rutilio ko tsugunawa bai yi ba.

"Karo ne. Ƙafar ta lanƙwashe."

"Ta bugi bango da hanci, ƙafar baya ta lanƙwashe?"

"Tsohon ƙarfe, yallaɓai. Ba a yi masa rantsuwa."

Ya sunkuya zai maƙala ƙugiya. Sufeto ya taka sarƙar.

"Bar ta."

"Ta tare hanya fa."

"Na ce bar ta. Saja, ki sa kurtu biyu a nan. Wanda ya taɓa motar nan, ko jingina ya yi, a kama min shi."

Wani ƙato ya ratso mutane, da rigar mahauta a jikinsa. Genaro ne, babban ɗan Doña Nila. Idonsa ya yi ja.

"Kuna gadin mota, uwata tana kwance a ƙasa!"

"Allah ya ji ƙanta, Genaro. Ni ma kununta na sha na girma."

"Ba gaisuwa na zo karɓa ba. Ka ba mu shi. Kafin a fito da mutum-mutumin Santa Rufina daga coci yau da rana, ko ka buɗe ƙofar nan ko mu buɗe ta da kanmu."

Ba wanda ya ce masa ya yi shiru. Mu nan mun san abin da ake nufi da buɗe ƙofa. An taɓa yi, kuma mutumin da aka fito da shi bai kai dandali da rai ba.

Sufeto ya koma ofis. Hilarión Ocampo yana zaune a ƙasa, ƙafa ba takalmi. Siriri ne mai furfura a gemu.

"Ina ka kwana?"

"A gida, yallaɓai."

"A bayan kasuwa aka ɗauko ka."

"Da asuba na fita... shan iska."

"Matarka tana waje. Ta ce rabonta da kai tun jiya da la'asar. Nawa ka sha?"

"Ban sha ba. Ai na yi rantsuwa."

"Hilarión, daga nan ina jin warinka. Akwai mutane a waje da galan na fetur. In ka ƙara yi min ƙarya ɗaya, zan tashi in tafi cin abinci."

Mutumin ya rufe fuska da hannu.

"A gaban Budurwa Maryamu na durƙusa, yallaɓai. Na rantse shekara guda ba zan taɓa ba. Fada shaida ne, matata shaida ce. Jiya na karya. In ta ji, ta tafi ke nan."

"Ta riga ta ji. Da wa ka sha?"

"Da kompadre Rutilio. Shi bai sha sosai ba, ya ce yana da aiki da asuba. Shi ya kwantar da ni kan buhunan."

"Ina ka bar motar?"

"Inda nake barinta kullum. Ƙasan Lungun Rijiya, gindin bishiyar lemo. Na ja hambirki, na sa giya, na tokare ta da dutse."

"Ka tuƙa ta bayan nan?"

Hawaye suka zubo wa Hilarión.

"Ban sani ba, yallaɓai. Wallahi ban sani ba. In ni ne, gara su ƙona ni. Matar nan bashin kunu ma ba ta taɓa hana ni ba."

Saja ta juye kayan aljihunsa a kan tebur. Makulli, hoton Budurwa, da wani ɗan baƙin abu kamar murfin kwalba. Rota ce, wadda ke raba wa fulogi wuta. Direbobinmu duk haka suke yi, in sun ajiye mota sai su zare ta su sa a aljihu, don ƙofofin boco ko cokali yana buɗe su.

"Ba rota, mota ba ta tashi," in ji Sufeto.

"Bayan ya buge ta ya zare," in ji Saja. "Hannu ya saba. Mashayi yana manta sunansa, amma ba ya manta wannan."

"Yana yiwuwa."

Ya sa rotar a aljihunsa, ya fita ta ƙofar baya. A gaban ofis mutane sun fara taruwa.

A asibiti likita ya ɗaga zanen da aka rufe gawar, ya nuna masa.

"Ƙirji ne da kafaɗa. Haƙarƙari duk sun karye, kamar an danna ta da faifan ƙarfe."

"Ƙafafunta fa?"

"Ko ƙwarzane babu."

Sufeto ya auna da hannu a jikinsa. Bambar boco a ƙasan gwiwa take tsayawa. Duk wanda boco ta taɓa bugewa a garin nan, da sanda yake yawo, ba da ciwon ƙirji ba.

"Ko ta faɗi ne kafin motar ta same ta?"

"A tsaye take," in ji likita. "Dubi bayan rigarta, farar ƙasar bango ce tun daga kafaɗa har ƙugu."

Ya koma lungu rana ta fara zafi. An ɗauke tukunyar, wani ya kunna kyandir a wurin. Kurtun nan biyu suna tsaye suna gumi.

Ya leƙa cikin motar ba tare da ya jingina ba. Hambirki a jaye, giya a ciki. Tasin boco ba ta da kujerar gaba ta fasinja, cire ta ake yi don a ji daɗin shiga baya, sai direba ya ɗaura igiya a hannun ƙofar, in fasinja ya shiga ya fizgo ta rufe. Igiyar Hilarión tana nan, amma ɗaurin sabo ne. Inda tsohon ƙullin ya zauna shekara da shekaru ya yi baƙi, yana lilo can ƙasa. Sabon kuwa ƙulli ne mai zarge biyu, irin na masu ɗaure kaya. A jikin sitiyari akwai gurzar igiya.

"An kwance ta, an ɗaure sitiyari da ita, an mayar," in ji shi.

"Don me mutum zai ɗaure sitiyarin motar da yake tuƙawa?" in ji Saja.

"Ba zai ɗaure ba."

Daidai nan wata boco ta gangaro daga saman lungu. Kurtu ya ɗaga hannu zai mayar da ita, Sufeto ya ce a bar ta ta zo har dakalin. Wata mata da ke tafe da kwando ta manna bayanta da bango, ko kallon motar ba ta yi ba. Tayar hagu ta hau dutsen, ta shige cikin raminta na jikin motar, ta dama tana ƙasa abinta. Motar ta ɗan karkata kaɗan, ba ta ko taɓa kwandon ba.

Wanda bai san mota ba zai ce duk ƙafar mota ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Boco kowace taya da ƙafarta, da sifirin ɗinta, da shokazobarta. In ɗaya ta hau dutse ita kaɗai ke hawa, 'yar'uwarta ba ruwanta, jikin motar ya wuce kusan a miƙe. Shi ya sa tun muna yara muke manna baya da bango a ba mu tazarar tafin hannu, mu ce ya isa. Babbar mota kuwa ƙarfe ɗaya ne mai kauri ya haɗa tayoyinta biyu. In ta hagu ta hau, ƙarfen gaba ɗaya ya karkace, duk abin da ke kansa ya kwanta dama. Kuma iya tsawon mota, iya nisan da samanta zai kwanto.

Sufeto ya ɗaga kai. Ba wanda ya duba sama tun safe, kowa ƙasa yake kallo. A jikin bangon, daidai ƙirjin mutum har zuwa sama da kansa, akwai doguwar gurza. Ya kankare ta da wuƙa a tafin hannunsa. Rawayan fenti ne.

Saja ta kalli fentin, ta kalli farar motar.

Wani kurtu ya iso a guje.

"Yallaɓai, sun fara jifan ofis! Genaro ya kawo gatari!"

"Saja, je ki ce wa Genaro ya zo nan da duk mutanensa. Ki ce zan nuna masa wanda ya kashe uwarsa, da idonsa zai gani. Kai kuma je ka ce wa Don Rutilio yanzu na yarda, ya zo ya ɗauki motar."

"In Genaro ya ƙi fa?"

"Ki ce masa in ya ƙona wanda ba shi ba, mai laifin zai zo jana'iza ya ci abinci a gidansu."

Suka zo. Lungun ya cika har saman katangu. Ƙararrawar coci ta fara bugawa, alamar an kusa fito da Santa Rufina. Genaro yana gaba da gatari a hannu. Janwe ta shigo da baya a hankali, ta tsaya kafin dakalin.

"Don Rutilio," in ji Sufeto, "da safe ka ce ƙafar motar nan ta lanƙwashe."

"Haka na ce."

"Ƙarfen da ya lanƙwashe yana miƙewa da kansa?"

"Ina fa."

"Madalla. Genaro, ajiye wannan abin, zo ka tura min mota."

Sufeto ya sauke hambirki, ya cire giya, ya riƙe sitiyari ta taga. Genaro da wasu mutum biyu suka turo ta baya. Ba ta yi nisa ba aka ji ƙafafun sun yi ƙara, bayan motar ya zauna. Tayoyin suka buɗe, suka tsaya cak a miƙe kamar na kowace boco.

Wani tsohon direba daga kan katanga ya ce, "Kai! Ɗaga ta aka yi!"

Sauran direbobin suka ɗauka. Duk sun sani, ba wanda bai taɓa canza taya ba. Ƙafafun bayan boco a tsakiya suke maƙale, jikin giyabos, kowace tana lilo ita kaɗai. In ka ɗaga motar sai su rataya, tayoyin su shige ciki. In ka sauke ta, roba ta kama dutse, ba za su koma ba sai motar ta gangara. Motar da aka tuƙo da ƙafarta ba ta tsayawa haka. Da safe fushi ne ya rufe musu ido.

"To, Don Rutilio, ɗaga ta."

"Yallaɓai, ai tunda tana tafiya..."

"Ɗaga ta, na ce."

Rutilio ya maƙala ƙugiya. Bayan motar ya tashi sama, tayoyin suka rataya.

"Tsaya. Haka za ka ja ta? Ba za ka ɗaure sitiyari ba?"

Rutilio ya buɗe ƙofa. Bai nemi igiya a motarsa ba, bai tambayi kowa ba. Hannunsa ya tafi kai tsaye kan igiyar ƙofa, ya kwance, ya zarga a sitiyari, zarge biyu. Sai da ya gama ya ga Sufeto yana kallon ƙullin.

"Sauke ta."

Ya sauke. Tayoyin suka tsaya ƙasa a ciki, sama a waje, yadda kowa ya gan su da safe.

Sufeto ya taka zuwa gefen janwe na dama, inda furannin takarda suka fi yawa, ya yaye su. Fentin wurin ya kankare har ƙarfe, da farar ƙasar bango a cikin gurzar.

"Wa ya san Hilarión ba zai farka ba sai rana ta fito? Wa zai iya kawo motar da ba rota daga gindin lemo zuwa nan, hawa ne ba gangara ba? Wa ya zo ɗaukarta kafin a kira shi?"

Rutilio ya zauna a kan dakalin.

"An rufe babbar hanya saboda biki," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Na ce bari in yanke ta nan, ba kowa. Na gan ta. Ta manna da bango, har ta ɗaga min hannu in wuce. Na ga akwai wuri. Wallahi akwai wuri! Sai taya ta hau dutsen nan."

"Ka sauka?"

"Na sauka. Ta riga ta tafi."

"Sai ka tuna da kompadrenka."

"Na ce shi a buge yake, ba zai tuna ba. Na ce ɗan zama zai yi a gidan yari ya fito. Ban san za a kawo fetur ba."

"Da aka kawo fa? Tun safe kana jinsu."

Rutilio ya sunkuyar da kai. Sufeto ya nuna masa motar.

"Ka ga tayoyin da ka sauke ta?"

"Na gani. Hancinta yana jikin bango, ga hambirki, ga mutane sun fara fitowa daga coci. Na ce ai ni za a kira in ɗauke ta."

Genaro ya yi wani irin kuka, ya sunkuya zai ɗauki gatari. Sufeto ya riga shi, ya taka ƙotar, ya tsaya tsakaninsa da Rutilio. Kansa bai wuce kafaɗar Genaro ba.

"Matsa, Sufeto."

"Da safen nan ka rantse Hilarión ne. Da na buɗe maka ƙofa, yanzu me za ka ce wa 'ya'yansa?"

Genaro yana huci. Ya kalli motar, ya kalli mutanen da suka biyo shi. Wanda ke riƙe da galan ya ajiye shi a bayan ƙafarsa.

"Je ka wurin uwarka, Genaro. Tana asibiti ita kaɗai tun safe."

Ƙaton ya juya, ya dafa bango daidai wurin gurzar, ya kifa kansa. Mata biyu suka kama shi suka tafi da shi.

Saja ta sa wa Rutilio ankwa. Da za su wuce sai ga Hilarión an kawo shi, har yanzu ba takalmi, matarsa tana biye da shi. Mutane suka buɗe masa hanya, ba mai iya haɗa ido da shi.

"Kompadre," in ji Rutilio. "Kompadre, ka yafe min."

Hilarión ya dube shi.

"Tun safe nake roƙon Allah ya yafe min kisan da ban yi ba," in ji shi. "Kada ka ƙara kirana da sunan nan."

Aka tafi da Rutilio ta ƙasan lungu, kurtu ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

Sufeto ya ciro rota daga aljihu, ya miƙa wa Hilarión. Mutumin ya buɗe inji ya mayar da ita, ya kwance igiyar daga sitiyari, ya ɗaura ta a ƙofa da nasa ƙullin. Matarsa ta shiga baya ta zauna, fuska a ɗaure.

"Coci za ka kai ni," in ji ta. "Za ka sake durƙusawa."

Ya fizgo ƙofar ta rufe. Motar ta tashi, ta ja baya kaɗan, tayoyin suka miƙe.